Tsohuwar motar tsere ko sabuwar 'yar kujera biyu: yadda za ka zaɓa in a Maradi za ta zauna

Tambayar nan ta yi yawa. Duk wanda ya ga hoton Marsandi SL ta da, ko ya ga wata 'yar Mazda ta wuce rufi a buɗe, sai ya zo yana cewa wace zan saya, tsohuwar ko sabuwar. To ga yadda ake bin abin a jere, daga ƙofar gidanka har ranar da za ka ƙirga kuɗi.

In na ce tsohuwa ina nufin na wajen 1970 zuwa tsakiyar shekarun 1990, irin su Mercedes SL R107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989, da Peugeot 504 mai ƙofa biyu ta 1969 zuwa 1983, da MGB ta Ingila, da Mazda MX-5 ta farko mai fitilu masu ɗagowa wadda ta fito 1989. Sabuwa kuma daga wajen 2005 zuwa yau, MX-5 ta uku da ta huɗu wato NC da ND, BMW Z4 E89 ta 2009 zuwa 2016, Mercedes SLK R172. Ni dai ra'ayina tun yanzu, a garin nan wanda zai gyara motar da inda za ta kwana su ne ke zaɓar maka mota, kyanta daga baya yake zuwa.

1. Auna layinku da ƙofar gidanka

Ɗauki tef na awo ka fita da ƙafa daga ƙofar gida har inda kwalta ta fara. Waɗannan motoci duka gajeru ne, tsakanin cikinsu da ƙasa wajen santimita 12 zuwa 14 ne, alhali Hilux ta haura 20. Ka duba gangaren shiga gidanka, ka duba tuddan rage gudu da ke hanyarka ta kullum, ka tuna yadda rairayi ke taruwa a layukan Zariya ko Ali Ɗan Tsoho da rani da kuma inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Kusan dukansu tayoyin baya ne ke ja kuma wasunsu ba su da nauyi, MX-5 wajen tan ɗaya ce kacal, in ta shiga yashi mai laushi nan take za ta tona ta zauna kan cikinta.

Sai rumfa. In ba ka da inda za ta kwana a inuwa, ka fara gina rumfar kafin ka nemi mota, don ranar Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ita ke cinye tantin rufi da fatar kujeru da robar dashbod, tsohuwa ko sabuwa ba ruwanta.

Gargaɗi: in ita kaɗai za ta zama motar gida, ka dakata nan. Kujera biyu ce, ba wurin uwargida da yara, but ɗinta buhun shinkafa ɗaya ya kusa cika shi. Wannan mota ta biyu ce. Kuma kar ka taɓa ratsa ruwan da ya kai rabin taya da ita, in injin ya shaƙi ruwa ta bututun iska sandunan fistin ke lanƙwashewa.

2. Nemo makanike kafin mota

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, su sayo mota ta iso sannan su fara yawo garaji-garaji. Ka juya abin. Ka je wurin maigidan garajin da ka yarda da shi, ka zauna da shi ka ce masa, maigida ga irin motar da nake so, ka taɓa buɗe injin ɗinta? Ba wai ka taɓa ganinta ba, ka taɓa buɗe ta.

Dabarar ita ce ka nemi motar tsere da ke raba inji da motar gida da aka saba da ita. A cikin R107, 280SL tana ɗauke da inji M110, shi ne a cikin Marsandi 280E W123. 300SL ta 1985 zuwa 1989 tana da M103, injin 300E W124, kuma masu gyaran Marsandi na yankin nan sun san shi ciki da waje. BMW Z3 kayanta na BMW E36 ta gida ne mafi yawa, Z4 E89 mai silinda shida N52 tana raba inji da BMW E90 ta gida, SLK 200 Kompressor tana raba M271 da C-Class, MX-5 NC mai lita 2 kuma danginta ɗaya da injin Mazda 6 na lokacin. Duk motar da ba ta da 'yar'uwa a kan titunanmu, ko da ta fi su kyau, kowane ƙaramin abu sai an jira shi makonni.

In tsohuwa ce, ka tambaye shi ko ya iya saita kafireta biyu su yi daidai, domin yawancin MGB kafireta biyu gare su. In R107 ce ta tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1985, tana da K-Jetronic na Bosch, wato mai rarraba mai na ƙarfe ba na kwamfuta ba, kuma ba a saita shi da kunne, sai da agogon auna matsin mai. Ka ce ya nuna maka agogon. In ya ce ai da hannu yake yi, ka gode masa ka ƙara gaba.

In sabuwa ce, abin tambaya kwamfutar gwaji ce. Ƙaramar nan ta jika kaɗan tana karanta inji kawai, ba ta shiga sashen rufi ko na giya ko na birki. Kana buƙatar mai wayar da ke da babbar da ke shiga BMW ko Marsandi sosai, in babu a Maradi sai Yamai mai nisan kilomita sama da 600 ko Kano, to ka sa wannan tafiyar cikin lissafi tun yanzu.

Daga nan ka ba shi jerin kaya biyar ya samo maka farashi da kwanakin isowa: famfon ruwa, lagireto, faifan kuloci, takalman birki, da gilashin gaba. Ya fara da masu kayan gyara na nan, sannan Ƙofar Ruwa a Kano, sannan Ladipo a Legas, sannan Dubai ko Turai. Gilashin gaban shi ne zai gaya maka gaskiya, tsakuwa ɗaya daga tayar tirela ta isa ta ajiye mota wata biyu.

Gargaɗi kan 504 mai ƙofa biyu: mutane na cewa ai 504 ce, Kaduna ma an yi ta haɗa ta, kaya birjik. Gaskiya ne ga gindin inji da wasu kayan ƙafa. Amma jikinta Pininfarina ne ya zana shi daban, ƙofofi da gilasai da fitilu ba sa shiga da na mai ƙofa huɗu, kuma mai silinda huɗu tana amfani da famfon Kugelfischer maimakon kafiretar da kowa ya sani. Ka tabbatar da wanda zai taɓa famfon nan kafin komai.

3. Rage zaɓinka zuwa mota uku

Kar ka wuce uku, in ba haka ba za ka shekara kana kallon hotuna. A ɓangaren tsofaffi, wadda na fi natsuwa da ita ga mutumin Maradi 300SL ce ko 280SL, saboda injin da na ambata da kuma rufin da ake naɗewa da hannu. R107 masu injin V8 suna da daɗin sauti amma suna shan mai ƙwarai, kuma robobin da ke riƙe sarƙar inji suna tsufa su karye. 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 ma sarƙarta layi ɗaya ce, ka tambaya ko an mayar da ita mai layi biyu. MX-5 ta farko ita ce mafi sauƙin rai a cikin tsofaffi, injinta 1.6 ko 1.8 ko bel ya tsinke bawul ba ya dukan fistin, sai dai a ja ka gida a sa wani.

A ɓangaren sababbi MX-5 ce kan gaba, ba don ta fi gudu ba, don rufin tantinta da hannu ɗaya ake ja, babu famfo babu injin lantarki babu abin lalacewa. Kuma an yi ta da yawa, a 2016 ta cika miliyan ɗaya, don haka kayanta na ko'ina a duniya. Z4 E89 da SLK R172 sun fi ta sanyi da shiru da daɗin doguwar hanya saboda rufin ƙarfe, amma ɗawainiyarsu ta fi.

Abin da nake son kowa ya ji shi ne tarkon da ke tsakiya. Motocin wajen 1990 zuwa 2008 masu tsada a da, SL R129, SLK R170 da R171, Z4 E85, Porsche Boxster 986, yanzu su ne suka fi arha a kasuwa kuma su ne dillalai ke turo hotonsu. Sun tsufa kamar tsofaffi, kuma suna cike da wayoyi da famfuna kamar sababbi. R129 na da silindar mai sama da goma a rufinta kawai, kuma na farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu rigar wayoyin injinsu na rugurgujewa da zafi. Z4 E85 ƙaramin injin da ke buɗe rufinta na zaune a wani rami da ke cika da ruwa in magudanar ta toshe, ga sitiyarinta na lantarki da aka sani da yin tauri yana maƙalewa in rana ta gasa motar, wato daidai yanayinmu. SLK 350 ta farko-farko mai M272 haƙorin sandar daidaito ke cinyewa sai an sauke inji. Boxster 986 kuma akwai boris ɗin IMS, wato na wata sanda da ke cikin inji, da in ya fashe inji ya tafi. Ba na cewa kar a saya, ina cewa arharsu ba arha ba ce.

4. Yi lissafin kuɗi a takarda

Rubuta layi-layi, kar ka riƙe a ka. In daga Turai ce, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kenan misali motar yuro 8,000 ta kama wajen miliyan 5 da jika 250 tun tana can ba ta taɓa ruwa ba. Ƙarƙashinsa ka sa kuɗin jirgi, kuɗin tashar ruwa, ladan mai fiton kaya, kuɗin ɗauko ta zuwa nan, duwan da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, lamba da kart giriz, asurans, binyet, da bizit. Tun 2023 hanyar Kwatano ta shiga matsala, kaya da yawa ta Lome suke biyowa su ratsa Burkina, hanya ta yi tsawo kuɗi ya ƙaru, don haka ka nemi farashin yau daga bakin mai fiton kaya biyu daban, a rubuce. Ka tambaye su kuma dokar shekarun mota da ke aiki a lokacin da yadda duwan za su ƙiyasta darajarta, domin ba lallai su yi aiki da rasit ɗinka ba.

Gargaɗi: kar ka yarda a tuƙo ta da ƙafarta daga bakin teku. A ɗora ta kan babbar mota ko cikin kwantena. Direban da ya saba kawo Corolla zai kawo maka ita bamba a tsage, kaskon baƙin mai a lotse.

Layin ƙarshe shi ne kuɗin farfaɗo da ita. Shawarata, ga tsohuwa ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin saye ko fiye ka ajiye gefe, ga sabuwa kashi ɗaya cikin biyar. In bayan ka ware wannan kuɗin bai kai ba, ka sauka zuwa mota mai rahusa, kar ka taɓa ajiyar. Bambancin kashe kuɗinsu shi ne tsohuwa tana ci kaɗan-kaɗan kullum, yau roba gobe waya, sabuwa kuma sai ta yi shiru shekara biyu sannan abu ɗaya ya mutu ya ci kuɗi mai nauyi a tashi guda. Ka san wanne aljihunka da zuciyarka suka fi ɗauka.

5. Takardu kafin ka buɗe bonet

A yawancin motoci, lambar sasi tun 1981 harafi da lamba 17 ce. Ka karanta ta a jikin mota da idonka, a gindin gilashi da gefen ƙofa da inda aka buga ta a ƙarfe, ka haɗa da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. In ta Amurka ce ka biya a ciro maka tarihinta a Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motoci, yawancin masu arha daga gwanjon motocin haɗari da ambaliya suke fitowa. Wadda ta yi haɗari ana iya gyarawa in sasi bai karkace ba, wadda ruwa ya ci kuwa ka bar ta ko kyauta ce, musamman sabuwa mai kwamfutoci a ƙarƙashin kujera. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙusoshin kujera ko sun yi tsatsa. Agogon Amurka da Ingila mil yake ƙirgawa, ka ninka da 1.6.

In a nan gida take, ka ga takardar duwan ta asali, ka ga mai sunan da ke kan kart giriz ko wakilinsa na gaskiya. Motar da ta shigo ta Jibiya da lambar Najeriya ba a yi mata duwan ba, wannan kuɗin kai zai hau. Sannan ka guji mai sitiyari a dama, MGB da MX-5 da yawa daga Ingila da Japan haka suke, wuce tirela a hanyar Damagaram da ita ganganci ne, kuma Najeriya ba ta yarda da irinsu.

6. Duba jiki

Kayan aikin ba su da tsada: tocila mai haske, ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin tsumma, sukudireba, da garaji mai rami. Da rana tsaka za ka duba, ba da magariba ba, kuma ba bayan an wanke ta an shafa mata mai ba.

Mu nan busasshiyar ƙasa gare mu, amma motar ta yi shekara talatin inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsarta da ita take zuwa. Ka bi da maganaɗisun nan a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, inda ya ƙi kamawa mastik ne aka cika. A MX-5 ta farko da ta biyu ka durƙusa ka duba dokin ƙofa daidai gaban tayar baya, nan take fara ruɓewa daga ciki, fenti ya yi ƙuraje-ƙuraje. A R107 babbar cutar tana bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ƙarƙashin ramin iskar da ke gindin gilashi, ka sa a cire murfin fankar hita ka haska ciki, in ka ga jan gari ko kafet ɗin gaba da alamar jiƙa to aikin sai an kwance dashbod gaba ɗaya. A Z3 ka ɗaga kafet ɗin but ka duba waldar ƙasa ko ta fara tsagewa inda aka rataye difaransi.

Ka shiga rami da kanka. Inda ka ga an fesa baƙin kwalta sabo, danna da sukudireba. Motar da ba ta da rufin ƙarfe ƙarfinta duk a ƙasanta yake, in ƙasan ya ruɓe ƙofofi ma sai su daina rufuwa daidai. Inji ana sauyawa, fenti ana sakewa, ruɓaɓɓen sasi kuwa ba ƙaramin mai walda ke iya masa ba.

A sabuwa wannan mataki gajere ne, ka duba tazarar ƙofofi da bonet ko sun yi daidai, da ƙusoshin fenda ko an taɓa kwance su.

7. Rufi

Ka buɗe ka rufe sau biyar a jere, inji na aiki, mota a wuri mai daidai. Ka riƙe agogo, na ƙarfen MX-5 NC wajen daƙiƙa 12 yake ɗauka, na Z4 E89 wajen 20. In yana tsayawa a tsakiya, ko gefe ɗaya na riga ɗaya, ko sai mai motar ya taimaka masa da hannu yana cewa ai ƙura ce kawai, ka ɗauka akwai aiki. A SLK da SL ka shafa hannu a saman gilashin gaba ta ciki da gefen but, in ka ji maiƙo silinda ce ke yoyo. Hazon hunturu kuma yana shiga ƙananan makunnan da ke gaya ma kwamfuta inda rufi ya kai, ɗaya ya ƙi aiki rufin ya tsaya rabi a buɗe, ka tambayi mai motar ya nuna maka yadda ake rufe shi da hannu in haka ta faru, ka gwada a gabansa.

Na tanti ka duba ɗinki da kusurwoyin da yake naɗewa, ka duba tagar baya, ta MX-5 ta farko roba ce tana yin ja ta dushe har ba ka ganin baya. Sai ka zauna ciki a rufe, wani ya kwarara bokitin ruwa biyu a sama, ka ga inda zai ɗigo. R107 na zuwa da rufin ƙarfe na ɗorawa wanda sai mutum biyu ke ɗagawa, in mai sayarwa ya ce babu shi ka rage kuɗi sosai, domin a nan shi za ka fi amfani da shi.

Maganar gaskiya, a Maradi buɗe rufi na safiya ne da bayan la'asar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma ranar da hazo bai sauko ba. Sauran watanni a rufe za ka yi ta yawo, shi ya sa kilim ya fi rufin muhimmanci. Yawancin MGB ba su da shi sam. Motocin kafin wajen 1993 gas ɗin R12 suke sha wanda aka daina yi, mayar da su R134a sai an sauya mai da robobi da matacin gas, ba ɗura sabon gas kawai ba. Na Turai daga 2017 kuma R1234yf ne, mai tsada da wuyar samu, ka karanta takardar da ke liƙe ƙarƙashin bonet.

8. Inji da gwajin tuƙi

Ka ce kar a tada ta kafin ka zo, in ka iso ka ɗora hannu kan inji ka tabbatar da sanyi. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga fari-fari kamar kindirmo ruwa na haɗuwa da mai. Murɗa makulli ba tare da ka tada ba, in motar tana da su dole fitilar inji da ta jakar iska su kama sannan su mutu bayan ta tashi, in ba su kama ba sam wataƙila wani ya cire ƙwan. Da ta tashi ka saurari daƙiƙun farko, ƙarar sarƙa a M271 na SLK ko N20 na Z4 20i da 28i alama ce ta aiki babba. Hayaƙi shuɗi mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa gasket ne, baƙi kuma man fetur ya yi yawa.

Tsohuwa a auna mata matsin kowace silinda, kar bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Sabuwa a saka mata kwamfuta, ta Amurka tun 1996 tana da wurin sakawa, ta Turai mai fetur tun 2001, kuma ka ce a duba ko an goge laifuffuka kwanan nan, kwamfutar na nunawa.

Tuƙin kashi biyu ne. Na farko ka fita hanyar Tibiri ka taka ta, ka saki sitiyari kaɗan ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi, ka bi giya duka har ribas. Na biyu shi ne na gaske, da ƙarfe biyu na rana ka shiga cunkoson wajen babbar kasuwa cikin adaidaita da kabu-kabu, kilim a kunne, sannan ka tsaya minti ashirin inji na aiki idonka kan allurar zafi. In ta haura tsakiya tana ci gaba da hawa, ka san lagireto ko fanka ko famfon ruwa na jiranka. BMW na wancan zamani tankin ruwa da bakunan tiyo duk roba ne, zafi na sa su fashe ba sallama.

Gargaɗi: in ka tarar an cire tamostat an haɗa fanka kai tsaye, ba gyara aka yi ba, ɓoye ciwo aka yi. A mota mai kwamfuta ma yana sa ta ɗauka inji bai yi zafi ba ta yi ta zuba mai.

9. Mai da taya

Man ruwa-ruwa na kwalba ba na waɗannan motoci ba ne. MX-5 ND matsin injinta 13 ne, kai tsaye take fesa mai cikin silinda, datti kaɗan ya isa ya kashe noza, K-Jetronic ma ba ya jure ruwa ko tsatsar tanki. Gidan mai ɗaya amintacce, shi kenan.

Taya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun DOT da ke gefenta, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, in ta haura shekara shida ka sauya ko zanenta na nan. Tsofaffi na da inci 14 ko 15 masu kaurin gefe da ke shanye rami, sababbi 16 zuwa 19 masu siririn gefe, rami ɗaya rim ya lanƙwashe. Z4 E89 da MX-5 NC da ND ba su zuwa da safaya, ka nemi ƙarama ka sa in za ka bar gari, kuma hanyar iyaka da dare ba wurin irin wannan mota ba ne.

10. Yanke shawara da ciniki

In kana da wata motar, da rumfa, da makaniken da ya nuna maka kayan aikinsa, kuma kana jin daɗin zama garaji ranar Lahadi ana kwance ana ɗaurawa, ɗauki tsohuwa mai inji irin na motar gida. In kana son ka murɗa makulli ka tafi Damagaram ka dawo ba tunani, ga birkin ABS da jakar iska, ɗauki sabuwa, kuma cikin sababbin ka fifita mai giyar hannu da rufi mafi sauƙi. In biyu sun yi kunnen doki, ɗauki wadda ƙasanta ya fi lafiya kuma take da takardun gyara.

Duk laifin da ka gani ka rubuta da kuɗin gyaransa daga bakin makanike, da wannan takardar za ka yi ciniki ba da rantsuwa ba. Ku daidaita la'adar dillali tun farko. Kar ka ba da kafin alƙalami kan hoto ko bidiyo, in motar na waje ka biya wani mai zaman kansa ya je ya duba ta. Ranar biya a rubuta takardar sayarwa da shaidu a buga mata hatimin hukuma, ka karɓi makulli biyu, domin yanka makullin sabuwar BMW ko Marsandi da saita shi ba ƙaramin kuɗi ba ne.

11. Aikin makon farko

Kafin ka fara yawo da ita, garaji za ta wuce. A juye baƙin mai da filta, man giya, man difaransi, da man birki wanda daga nan duk shekara biyu ake sauyawa. A wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaske, ba ruwan rijiya ko na famfo ba, shi ke cin kan silinda na alminiyom. In mai bel ce kamar MX-5 ta farko kuma babu shaidar ranar da aka sauya, a sauya shi tare da famfon ruwa, tazararsa wajen kilomita 100,000 ce amma shekaru ma na kashe shi. Tsohuwa a sauya mata duk tiyon mai na roba a wanke tanki, ka sayi ƙaramar tukunyar kashe gobara ka ɗaure bayan kujera. A zura siririyar waya mai laushi a buɗe magudanan ruwan rufi kafin damina, a shafa ma robobin ƙofa da rufi man silikon. Filtar iska kuma da hunturu duk mako biyu ka ciro ka duba, in ta toshe ka sa sabuwa, kar a busa ta da iskar mai faci don tana huda takardar. In za ta yi fiye da mako biyu a ajiye, ka fita da ita ta yi tafiyar rabin awa har ta yi zafi sosai, tada ta a tsaye minti biyar ba ya wadatarwa.